Abin da Auta ke Reno

Auta,

Gaisuwa da fatan alheri. Cikina ya tsufa, ƙafafuna sun kumbura, silifas ɗin mijina nake ja. Likita ta ce jinina ya sake hawa, kamar wancan karon da na dawo gida hannu rabbana, babu jariri. Kin ce za ki zo. Wai me kike reno a ɗakin binciken nan da ya fi ni?

Yayarki.

*

Yaya,

Ina gaishe ki, ya jiki? Kada ki yi dariya: mabiyiya nake karɓowa daga ɗakin haihuwa, da yardar masu jego. Ina kankaro ƙwayoyin halittar da ke shimfiɗe a cikin jijiyoyin jininta, in zuba a faranti. Ta jikinsu abinci ke ratsawa zuwa jinin jariri. Na masu lafiya kan jeru kamar tayil, su haɗa hanyoyi. Na masu hawan jini kuwa sai su yi ta yanga, su ƙi haɗuwa. Dalilin nake nema, kin kuma san don wa.

Ba sa jure yunwa. In na tafi sun mutu, aikin shekara ya bi ruwa. Abokiyar aikina kuwa da atishawa ɗaya ta taɓa kashe min faranti goma. Wallahi ina kewarki, ko shayi na haɗa sai na tuna mitarki kan sukari. Ki ƙara min haƙuri kaɗan.

Autarki.

*

Auta,

Ina gaisuwa daga gadon asibiti. Ba a jira wata tara ba, aiki suka yi min. Mace ce, ba ta fi tafin hannun babanta biyu ba, tana cikin kwalba.

Na roƙi ungozoma ta nuna min mabiyiyar. 'Yar mitsitsiya. Na ƙura mata ido ko zan ga abin da ya riƙe ki, ban ga komai ba sai nama. Ban ce aikinki banza ba ne. Amma da za a shiga da ni ɗakin tiyata, na waiwaya, babu ke a baranda. Likita ta ƙi ce min komai kan yarinyar. Ina so ki gan ta tana numfashi.

Allah ya tsare ki.
Yayarki.

*

Yaya,

Sannu, sannu. Da safen nan na miƙa wa mai atishawa farantan duka, ban ko tsaya yi mata bayani ba. Ina tasha. Ki ce wa 'yata ta jira ni.

Auta.