Kurent Iri Biyu

Mangaliya, bakin teku,
Watan Agusta.

Zuwa ga yayana abin ƙaunata, Sabin,

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri a gare ka, kai da Mirela da yara. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya da kwanciyar hankali, ya yi wa aikinka albarka, ya raya mana su Matei. Mu nan sai godiya. 'Yata Katinka ta ci jarrabawarta, ta sami gurbi a jami'a, tun daga ranar ba ta taka ƙasa yadda muke takawa. An yi wa Gwaggo Floare aikin ido, yanzu tana ganin ƙurar gidan kowa ban da nata. Masarar Kawu Traian kuwa fari ya ƙone ta tun ba ta yi goyo ba.

Sai abin da ya sa na ɗauki alƙalami maimakon in jira kiranka na ranar Lahadi. Ka san in ka kira Mama ce ke riƙe da wayar, ba ta saki sai ta ji abin da kuka ci da rana, maganar nan kuwa ba ta gabanta ba ce. Zan ɗauki hoton takardar in tura maka. Ka fara riƙe wannan: Baba yana da rai, yanzu haka yana zaune yana tsokanar maƙwabta. Amma sau biyu cikin makon nan na kusa kiranka in ce ka nemi jirgi.

Na san ba ka so tafiyar nan ba. Ka ce mutumin da ramin kwal ya cinye wa huhu, wanda ba ya rabuwa da injin numfashi, ba a sa shi a motar nan mai ɗakin kwana a ciki a kai shi bakin teku a tsakiyar zafi. Gaskiyarka. Sai dai ba kai kake ganinsa kullum a bakin taga a Petroshani ba, yana ba da labarin hutun da ƙungiyar ma'aikata ke kai su a da, lokacin da yake saɓa mu biyu a kafaɗa ya shiga ruwa. Ya ce wa mijina Dorin so yake ya ƙara ganin tekun da idonsa, ba a talabijin ba. Ni dai na kasa cewa a'a.

Muka iske zafin da ban taɓa ji ba. Motar tsohuwa ce, ka sani, na'urar sanyin gaban direba ta mutu tun kafin ta zo hannunmu, ta rufin ɗaki ce kawai ke aiki. Turken wutar da zangon masu hutu ya ba mu kuwa ɗan mitsitsi ne, amfiya shida. Dorin ya auna ya ga na'urar sanyi da injin Baba tare yake ɗauka, da ƙyar, kamar jakin da aka yi wa lodi har wuya. Ka ƙara ko abin dumama ruwa, makunnin turken ya faɗi, komai ya ɗauke. Don haka ya mai da firji kan gas, ya lulluɓe gilasan da mayafin azurfa mai korar rana, ya kafa rumfa, cajin waya ma ya ce sai da sassafe. Washegarin zuwanmu Mama ta jona rishonta na lantarki za ta dafa kofi, wuta ta ɗauke, injin Baba ya hau kuka. Dorin ya ruga ba takalmi ya ɗaga makunnin. Ita kuwa ta ce ba ta taɓa ganin gidan da kofi ɗaya ke kayarwa ba. Ya ɓoye rishon a ƙarƙashin kujerar direba.

Ranar Talata ni da Dorin muka shiga gari sayen maganin Baba da kankana. Muna fita ya leƙa ta ƙofa ya ce, "Mama, don Allah ki kula da kurent." In shekarun Kanada ba su wanke maka kai ba, ka riga ka gane. Shi wutar lantarki yake nufi, kada ta jona komai. Ita kuwa a duniyarta kurent ɗaya ne, iskar nan da ke shiga ta wata taga ta fita ta wata, wadda ta ce ita ta karkatar da bakin Kawu Traian, ita ta kashe kakarmu, saboda ita muka riƙa zuwa makaranta da auduga a kunne ana mana dariya. Kalma ɗaya ce a harshenmu, kowa ya ɗauki tasa. Ta ji yau surukinta mai karatu da kansa ya yarda da abin da take faɗa tun muna yara, sai ta tashi ta yi aiki da zuciya ɗaya. Ta kashe na'urar sanyi don tana hura wa Baba ƙeya. Ta rufe 'yar tagar rufi, ta ja ƙofa, ta toshe ƙasanta da tawul, ta naɗa masa gyale a wuya.

Layin kantin magani ya riƙe mu, ba mu dawo ba sai da rana ta take. Tun daga nesa ban ji gurnanin na'urar rufi ba. Na ja ƙofa, zafi ya buge ni a fuska kamar an buɗe tanda. Baba na kwance, fuska ja wur, jiki a bushe ba ɗigon gumi, ina kiransa yana amsa mini da sunan yayarsa da ta rasu. Injin yana ta ƙara da jar fitila, shi ma zafin ya fi ƙarfinsa. Mama na gefe, jiƙe sharkaf, tana masa fifita da jarida a hankali, tana ce mini kada in tashe shi, barci yake ji. Dorin ya sungume shi ya fitar, maƙwabta suka kawo ƙanƙara da jiƙaƙƙun tawul muka yi ta shafa masa har motar asibiti ta iso. Yaya, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Kwana biyu ana ƙara masa ruwa. Likitar ta gaya mana a baranda cewa zafi ne ya kama shi, da mun ƙara jimawa da sai dai wani labarin. Mama na tsaye a wurin, amma da muka koma zango na ji tana gaya wa maƙwabciya wai sanyin na'urar ne ya shige shi tun farko. Dorin ya so ya faɗa mata gaskiya, Baba ya hana. Ya ce matar da ta yi shekara hamsin tana rufe masa taga don kada ya mutu, ba za a ce mata a tsufanta rufewar ce ta kusa kashe shi ba. Ya ƙara da cewa ba inda za shi sai ya ga bikin Maryamu da coci ke yi a bakin ruwa. Na ji haushin Baba da Mama, su biyun. Na ce wa Dorin hali zanen dutse ne, daga yau ba za a sake barinta da shi su kaɗai ba.

Ranar Juma'a Dorin ya bi motar maƙwabci zuwa birnin Konstansa don a cika tukunyar iskar Baba ta ko-ta-kwana. Bayan tsakar rana wutar zangon gaba ɗaya ta ɗauke, don kowa ya kunna na'urar sanyinsa a lokaci guda. Na mai da injin Baba kan batirin mota yadda Dorin ya nuna mini. Ya riga ya gargaɗe ni cewa batirin ba ya ɗaukar na'urar sanyi, fanka ma rabon numfashin Baba take ci. Fitar da shi ba dama, ba zan iya sauko da shi matakala ni kaɗai ba, rana kuma ta juyo ta cika rumfar. Na bar ƙofa a sakaye na ruga wurin mai zango, ya ce masu gyara na hanya, yaushe za su iso bai sani ba. Ina dawowa ina jin 'yar iska na tasowa daga teku, na san abu ɗaya ya rage: a buɗe ƙofa, a buɗe babbar tagar da ke kan gadon Baba, iskar ta ratsa. Wato kurent tsagwaronsa. Na taho ina shirya maganganu masu zafi, na yanke cewa in ta hana ni, yau za ta ji abin da ta yi ranar Talata, ko Baba ya so ko bai so ba.

Ban kai ba na hango labule na kaɗawa a waje. An wangale ƙofa an ɗaure ta da igiyar shanya. Tagar rufi a buɗe. Babbar tagar kuwa, madogarinta ya karye tun a hanya, sai an riƙe. Mama ce a durƙushe a kan gado ta tallafe ta da hannu, iskar na dukan wuyanta kai tsaye. Ta ɗaure ɗankwali har haɓa, auduga a kunnuwa biyu, leɓenta na motsi da addu'a, idonta a runtse. Gyalen Baba na kan cinyarta, ta kwance masa. Na ce ta sauko in karɓe ta, ko in nemo sanda in tokare. Ba ta ko buɗe ido ba ta ce, "Bar ni, Otilia. Ina da kunne, na ji abin da likitar ta faɗa. In kurent ɗin nan zai ɗauki wani, ya fara da ni."

Na kawo sandar duk da haka, ta ƙi matsawa daga hanyar iskar. Nan ta zauna har wuta ta dawo da yamma, ina jiƙa tawul ina ɗora wa Baba, ina kallon fitilar batirin na raguwa. Numfashinsa bai sarƙe ba ko sau ɗaya. Ya yi kamar barci yake, amma na ga hawaye na gangara masa zuwa kunne.

Saboda haka, Yaya, in ka kira ranar Lahadi ka tuna magana zarar bunu ce. Ba ta san ka sani ba. Kada ka ce ai ka faɗa. Za ta gaya maka wuyanta ya sage, kuma da gaske ya sage, za ta ce kurent ne ya ja ta. Ka ce mata sannu, ka tsaya nan. Bayan bikin za mu kama hanyar gida da sanyin safiya.

Ka gaishe mini da Mirela da kyau, da Matei da Ilinka, da Kawu Vasile in kun haɗu a coci. Dorin da Katinka na gaishe ku. Baba ya ce a gaya maka tekun na nan yadda ya bar shi. Mama ta ce Mirela ta riƙa sa wa yara hula. Tagar a buɗe take yanzu da nake rubutu, ita ta buɗe ta da safe, ba wanda ya ce mata.

Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarka,
Otilia