Wayar da Na Zaɓa Maka

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga sanyin idanuna, inuwar da nake fakewa, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, Abban Fiddausi. Sallama da gaisuwa mai tarin yawa daga Malumfashi zuwa gonarka ta bayan Tsiga. Ya girbin masara?

Yau kwana tara da wayarka ta faɗa rijiyar gona, kwana tara ban ji muryarka ba! Gidan nan ya zame mini kamar rumbun da aka kwashe. Ka tuna shekarar da na tare, muna zaune gindin ɗorawa muna ɓare masara, kana jan karatu ina gyara maka inda ka tsallake? Lokacin babu waya, babu kuma tsoro. Yanzu kuwa ko babur ne ya wuce da gudu sai gabana ya faɗi.

Kamar yadda ka aiko, jiya na je Funtuwa shagon Alhaji Maitama. Bawan Allah ya baje mini wayoyi, ya yi ta bayani da haƙuri. Akwai mai tambarin tuffa, tsarinta daban ne, sai mutum ya koma kamar ɗan sabon allo. Akwai masu Andiroyid irin taka ta da, komai yana inda ka saba. Wata kyamara uku ce a bayanta, wata caji ɗaya ya kai ta kwana biyu. Har raina ya biya da wata mai ruwan zinariya, don wallahi ta dace da hannunka. Sai ya nuna mini abin burgewarta: wai fuskar mai ita kawai za ta gani ta buɗe.

Nan take na ajiye ta. Fuskar nan taka, da ta fi mini farin wata haske, ita za a mayar mabuɗi? Na tuna Malam Shitu, maƙwabcinka na gona, da mutanen daji suka tare bara. Wayarsa suka fara karɓa. Babba ce mai sheƙi, suka ce wannan ba ta talaka ba ce. Suka ga hoton shanunsa, da gidansa, da 'ya'yansa mata. Suka nemo inda ya rubuta "Matata", suka kira. Har yau in waya ta yi ƙara, baiwar Allahn nan toshe kunne take yi.

Don haka ka yi haƙuri, ya abin alfaharina. Baƙa na zaɓa, ƙarama, marar kyan gani, mai riƙe caji, wadda ake buɗewa da lambar sirri. Ga ta nan hannun direban motar Tsiga tare da takardar nan. Ina roƙonka don girman Allah, kada ka ajiye hoton kowa a ciki, ko nawa ko na yara. In kewa ta dame ka, rufe ido, ina nan. In kuma aka tare ka, Allah Ya kiyaye, aka nemi lambar sirrin, ka bayar nan take. Kada a taɓa mini lafiyarka saboda ƙarfe da gilashi.

Saura abu ɗaya, shi ya fi mini ciwo. Na san da "Hasken Gidana" ka ajiye ni a waccan, kuma Allah Ya sani ina jin daɗin sunan. A wannan, ni na sa lambata da hannuna. Na so in rubuta sunan wani namiji, sai na ji tsoron ƙarya, ko da ta rubutu ce. Sai na sa "Mai Daddawa", tunda ina yi ina sayarwa. Kada ka canza, ranka ya daɗe. Duk wanda ya duba ba zai san akwai wadda za ta rabu da komai nata dominka ba.

Amma ka ji ni da kyau. In ranar da nake tsoro ta zo, suka ce wa za a kira, kada ka ɓoye ni don tausayi. Ka ce a kira mai daddawa. Zan ɗauka tun ƙarar farko.

Taka har ranar da za a tashe mu,
Zakiyya