Shirun da Ke Kama Hadi

Abbasiya, Alƙahira
9 ga Maris, 2013

Zuwa ga 'yata Rabi'atu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya zafin Gusau? Ni gwiwa da sauƙi, likita ya ce sai kumburin ya sace zai yi aikin. Ki yi haƙuri da rubutuna, ajin yaƙi da jahilci bai koya mini bin layi ba.

Ɗanki Hadi da ke karatu a nan, angona, shi ne ɗan rakiyata, shi ne tafintana. Na ce masa wannan gemun nasa da ake iya ƙirgawa ba zai sa in fasa auren ba. Amma ba wasa ya sa na ɗauki biro ba.

Bara da aka yi rikici a unguwar nan, dutse ya same shi a ka, har ya kwanta asibiti bai san inda yake ba. Abokansa suka rufe maganar. Ni ma garin ture masa hula na ga tabon a bayan kunne.

Tun daga nan wani abu ke ɗauke shi. Yana cikin magana sai ya tsaya, ido a buɗe, yana tauna baki ba komai a ciki, yatsunsa na murza bakin riga. Can sai ya dawo, ya tambaya wa ke ƙona roba. Ba mai ƙona komai. Abokan karatunsa sun ce khushu'i ne, don yakan same shi yana jan su salla, na baya suna ɗora masa aya shi yana tsaye shiru. Har girma suke ba shi a kai. Ni kuwa a kan tuwo na gani. Wane irin tsoron Allah ne ke kama mutum da loma a hannu?

Na yi masa magana, ya yi dariya. Tun yana goye nake tsokanarsa, yau duk abin da na faɗa wasan kaka ne.

Ki gai da kowa.
Mahaifiyarki,
Kulu

24 ga Maris

Rabi'atu,

Ina gaishe ki, da fatan gida lafiya. Ni hankalina ba a kwance yake ba.

Ranar Talata muna jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa a Wustul Balad, wato tsakiyar gari, abin ya zo masa. Ya saki hannuna, ya fara takawa gaba a hankali kamar mai tafiya cikin barci, jirgi kuma ga fitilarsa. Da mariƙin sandata na maƙalo wuyan rigarsa. Da ya dawo sai ya hau yi mini faɗa wai na yaga masa jallabiya. Bai san ya motsa ba.

A asibiti na zayyana wa likitana komai. Hadi ya juya da Larabci, sai na ga likita yana matsa mini gwiwa yana cewa ma'alish, wai in yi haƙuri. Ashe ja'irin ya ce masa ciwo ne ke hana ni sukuni. Sai da na aike shi sayen ruwa, na roƙi wata Bahausar Sudan da ke jinyar mijinta, Fatna, ta juya wa likitan maganata daidai. Fuskar likitan ta canja. Ya ce shi likitan ƙashi ne, ba zai yanke hukunci ba, amma rauni a ka yakan bar farfaɗiya wadda ba ta kayar da mutum, kuma a hanzarta gwajin ƙwaƙwalwa.

Da Hadi ya ji sunan ciwon ya ce khalas, magana ta ƙare, ba zai je ba. Wai shi bai taɓa faɗuwa yana kumfa ba, kuma ranar da maganar ta fita ba mai sake bin sa salla, ba mai shan ruwa a kofinsa.

Rabi, na san ɗan fari ne. Ba kya kiran sunansa, ba kya tambayar lafiyarsa a gaban mutane, ni na koya miki wannan kunyar kuma kin riƙe ta da kyau. Yanzu ajiye ta. Ni maganata wasa ce a kunnensa, ke kuma ba kya magana, shi kuwa kullum sai ya shiga jirgin nan. Ki kira shi da kanki, ba ta bakin babansa ba.

Mahaifiyarki,
Kulu

6 ga Afrilu

'Yata Rabi'atu,

Gaisuwa da fatan alheri, Allah ya yi miki albarka.

Hadi ya shigo mini da waya a hannu. Ya ce da ya ji kin ce Hadi, zato ya yi rasuwa aka yi. Bai gaya mini sauran ba. Da safe ya riga ni sa takalmi.

A asibiti an manna masa wayoyi a ka kamar mai jiran kitso. Na buɗe baki zan faɗa, na ga idonsa, na haɗiye. Likitan ƙwaƙwalwa ya ce farfaɗiyar ce, daga wurin tabon take tashi. Wannan karon Hadi ya juya mini maganar duka, har inda aka ce kada ya yi iyo, kada ya hau tsani, kada ya tsallake shan magani ko sau ɗaya. Bai rage komai ba.

Ba zan ce miki an gama ba. Jiya ma ta zo, gajeriya. An ce sai magani ya zauna a jiki, wataƙila ma a canja wani. Ya gaya wa abokansa da bakinsa. Ɗaya daga cikinsu ya fasa zuwa cin abinci.

An sa ranar aikina, bayansa ya kamata in dawo. Na sa an ɗage tikitin. Na gaya masa abincin Misira ne ya karɓe ni, shi kuma ya yi kamar ya yarda. Ki aiko mini da kuka da daddawa masu yawa, zan daɗe.

Taki har kullum,
Kulu