Makullai a Baki

Vienna, 18 ga Nuwamba, 1912

Zuwa ga ƙanwata Ottilie,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Vinzenz da yara a can Trieste. Allah ya raya jaririya. Mu nan ƙalau muke. Tarin matata Resi ya yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a kan taba.

Ottilie, tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami. Kin san shekara ashirin da shida ke nan ina busa algaitar obo a ƙungiyarmu ta makaɗa, ni ke ba da sautin farko kowa ya daidaita kayansa a kai. Tsofaffin kiɗe-kiɗe ko ido rufe zan busa su, don duk yawon da waƙa ta yi gida take komawa, yatsuna kuma sun san hanya. To, bana wani matashi ya kawo mana kiɗan da ba shi da gida. Babu karin da mutum zai riƙe, ba abin da ke maimaituwa. Goge ya yi ta raɗa kamar numfashin majinyaci, can sai ƙahoni su kurma ihu gaba ɗaya. Abokina Kajetan mai ganga ya ce wallahi ko kyanwarsu aka taka wa wutsiya ta fi wannan iya waƙa.

A wurin da zan shiga, dole in jira wani siririn sauti daga masu goge. Sau uku ina makara a gwaji, har madugunmu mai jagorar kiɗan ya ce ko tsoho ya fara gyangyaɗi ne. Na ɗora wa kiɗan laifi, kowa ya yi dariya ya yarda. Daga nan na koma satar kallon hannun masu gogen.

Ran Lahadi da yamma muka yi wasan. Na shiga daidai, har na ce a raina yau mutanen Vienna sun yi ladabi, ɗan gunaguni kawai ake yi. Ina ɗaga kai sai na ga rabin zauren a tsaye, fuska jawur, makullan gida a baki, suna busa ramin makullan don su yi fito, yadda suka saba in abu bai yi musu ba. Kajetan ya toshe kunnuwansa. Ina ganin kumatunsu a kumbure, Ottilie, amma fiton nan ko ɗaya ban ji ba.

Ban gaya wa Resi ba. Ranar da madugu ya gane, kujerata ta tafi, ni kuwa ban iya wata sana'a ba. Ke kika yi jinyar Baba, don Allah ki faɗa mini gaskiya. Shekarunsa nawa lokacin da ya daina jin kukan tsuntsun kejinsa? Daga nan wata nawa aka yi kafin ya daina jin muryarki?

Ki gaida Vinzenz da ɗanki Poldi da Gwaggo Aloisia. Amsar ki aiko ta gidan Kajetan, kada Resi ta riga ni buɗewa.

Yayanki,
Emmerich