Ba Daga Mota Ya Faɗo Ba

Unguwar Waziriyya, Jidda,
9 ga Zulƙida, 1428.

Zuwa ga Yayana Alhaji Muntaka, Kazaure.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga yayanta, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Yaya Zubaidatu da yara da jikoki baki ɗaya. Na ji daga bakin Hajiya Rabi'a, wadda za ta kawo maka wasiƙar nan hannu da hannu, cewa an yi maka aikin yanar ido a Kano kuma an dace. Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne. Ta kuma ce ɗanka Jabiru ya sami ƙaruwar ɗiya mace, Allah ya raya ta bisa sunna. Mu ma nan alhamdu lillahi. Ɗiyata Mastura ta haihu na uku a watan azumi. Ɗana Othman yana nan yana jan motar kaya a ƙarƙashin kafilinsa, Balaraben da ya tsaya masa. Hausarsu dai har yanzu sai a hankali: ka yi musu magana su ji sarai, su ba ka amsa rabi da Larabci, in ka yi dariya su ji haushi.

Kada ka yi mamakin wannan rubutu mai hawa da gangara. Hannuna ne, ɗan abin da ya rage mini ke nan na ajin yaƙi da jahilci, kuma kwana huɗu na yi ina fama da shi. Da wata magana ce da sai in sa Mastura ta kira mini kai a waya mu gama cikin minti biyar. Amma wannan ba zan iya furta ta da bakina kana ji ba, ba kuma zan iya shibta wa ɗan da na haifa ya rubuta ba. In ka ga na wuce gona da iri a wani wuri, ka yafe mini, wuya ce ta kai ni.

Yaya, maigidana Malam ba shi da lafiya. Ƙafar nan tasa ta hagu da ka san yana ɗingishi da ita, tun bayan ƙaramar salla ta kumbura daga sama, zazzaɓi ba ya sauka sai ya dawo. Dole ya bar gadin da yake yi a wani sito a Madinar Masana'antu, aikin da ya riƙe shekara ashirin da shida. Mun kai shi wani ƙaramin asibiti mai zaman kansa a Kurayyat inda ba a tambayar iƙama, wato takardar izinin zama, likitan ya ɗauki hoton wurin. Da ya ɗaga hoton a haske sai ya tambayi Othman ko babansa ya taɓa zuwa yaƙi, domin ga gutsuren ƙarfe nan kwance kusa da babbar jijiya, ya motsa daga inda yake, wurin kuma ya fara ruɓa. Ya ce aikin ya fi ƙarfinsa, sai babban asibiti, babban asibiti kuwa ba ya karɓar wanda ba shi da takarda. Shawararsa ita ce mu koma gida a yi aikin da wuri. Ya ce in an wuce wata biyu, ƙafar ce za ta tafi, in ma ta tafi ita kaɗai to a gode wa Allah. Yanzu haka an buɗe ƙofa ga irinmu marasa iƙama mu fita ba tare da an tsare mu ba. Na ɗaure kayana, Othman ya samo mana hanya. Malam ya ce ba inda za shi.

Ka san dalili, ko da yake ni da kai ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. Bari in tuna maka yadda ya ba ni labarin, sau ɗaya tak, shekara goma bayan abin ya faru. Lokacin yaƙin basasa, wata bakwai da aurenmu, suna bakin kogi a kudu harsashin igwa ya fashe a gabansu. Mutum biyu suka mutu nan take. Shi kuma ƙarfe ya shige shi a matse-matsi, can sama, wurin da namiji ba ya buɗewa. Aka kwashe su zuwa wata makaranta da aka mayar asibitin soja. Da gari ya waye sai ga akawu ya shigo da babban littafi yana bi gado gado, yana tambayar kowa suna da lamba da abin da ya same shi da inda ya same shi a jiki. Akawun nan kai ne, Saje Muntaka, yayan matarsa, wanda ya karɓi sadakina da hannunsa. Ya ce da ya hango ka sai ya ja bargo har wuya. Da ka tambaye shi, sai ya ji bakinsa ya ce daga mota ya faɗo, ƙugu ne ya bugu. Ya ce ka dubi wandonsa da aka yanke aka ajiye a gefen gado, jina-jina, ka dubi ƙasa, sannan ka rubuta abin da ya faɗa ka wuce gado na gaba.

Ban taɓa ganin laifinka ba, Allah ne shaidata. Shi ya ji kunyarka, kai ka ji kunyarsa, kowa ya yi abin da aka tarbiyyantar da shi a kai. Da Bayarabe ne ko Tibi ya riƙe littafin nan ran nan, da Malam ya yaye bargo ya nuna masa an wuce wurin. Amma ku biyu, manyan masu kunya, kuka taru kuka rubuta ƙarya cikin ladabi, ni kuma nake biyanta har yau. Takardar likitan da ya ɗinke shi ta ɓace lokacin da aka tashi asibitin. Littafinka ne ya tsira, daga cikinsa aka kwafa a takardar sallamarsa cewa hatsarin mota ne.

Sauran ka gani da idonka. Da aka dawo gida, abokansa suna fita taron tsofaffin sojoji da lambar waɗanda suka ji rauni a fagen fama a ƙirji, har da wanda ɗan yatsa kawai ya rasa. Shi kuwa ba komai. Sai ’yan bakin kasuwa suka ƙara gishiri, wai ba faɗowa kawai ya yi ba, tsalle ya yi daga motar da ya ji ƙarar bindiga. Suka laƙaba masa Kofur Faɗo-mota. Mai nama ya kira shi haka, mai faci ya kira shi haka, har a ɗaurin aure. Wani in an ƙaryata shi sai ya ɗaga riga ya nuna tabo. Shi ina zai ɗaga? Shekara shida ya haɗiye, ran da ya ji sunan a bakin ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya ya dawo gida ya ce in shirya za mu hajji. Na ɗauka wata biyu za mu yi. Bana shekara talatin da ɗaya ke nan. A nan ba wanda ya san sunan, kowa Amm Rafi'u yake ce masa, wato Baffa Rafi'u, shi ya sa ya zauna, ya yarda da ɓuya duk lokacin da aka fito kame, ya yarda da zama baƙo har tsufa. Ni kuma na soya gyaɗa na sayar a bakin titi har gashina ya yi fari.

Bayan mun dawo daga asibitin nan Allah ya kawo Usuman, wanda suka yi bataliya ɗaya, ya zo umrar azumi, kafin ya koma gida ya neme mu. Shi ya gaya mana an kafa wani kwamiti a Kaduna mai duba koken tsofaffin sojojin da aka yi kuskure a takardunsu, har wasu sun samu an gyara an ba su lambarsu. Yaya, ban taɓa ganin Malam kamar ran nan ba. Ya tashi zaune, ya sa aka ciro takardar sallamar daga ƙasan akwati, ya ci abinci har da neman ƙari. Muka haɗa ta da hoton ƙarfen Usuman ya tafi da su. Makon jiya amsa ta zo. Sun ce hoton ya nuna ƙarfe, amma bai nuna yaushe ya shiga ba, mutumin da ya yi shekaru yana aiki a unguwar masana'antu kuwa ko'ina zai iya samun ƙarfe a jiki. Sun ce ba za su taɓa abin da ke rubuce ba sai da rantsuwar wanda ya gani da ido, ko ta wanda ya rubuta. Usuman ba ya wurin ranar da harsashin ya fashe. Abdulghaffar da ya goyo Malam zuwa mota ya rasu shekara huɗu da suka wuce. Kwamitin kuma zai rufe karɓar takardu kwana uku kafin babbar salla. Duk duniya saura kai.

Da na ambaci sunanka, Malam ya juya fuska bango. Ya ce shi ya yi ƙaryar, kai alfarma ka yi masa, ba zai saka maka da tsayar da kai gaban alƙali da furfurarka ka ce ka rubuta abin da ka san ba haka ba ne. Ya ce kuma ba zai sauka a Kazaure a kan keken marasa lafiya yara su tambayi wane ne a ce musu Faɗo-mota ne ya dawo ba, gara a binne shi a nan inda ake kiransa da sunan da ubansa ya raɗa masa. Othman ya yi ta faɗa, wai halas, ya isa haka, wace lamba ce ta fi ƙafa, yalla a tafi kawai. Bai gane ba, a nan aka haife shi. Ni ma na yi faɗan, na yi kuka, na yi kwana biyu ban yi masa magana ba, na kai ƙararsa wurin limamin masallacinmu. Ko gezau. Ka san shi, in ya kafe ko jaki ya sallama masa. Ya kuma yi mini rantsuwa in na kira ka a waya bai yafe ba. To ban kira ba, rubutawa na yi, Allah ya yafe mini wannan dabara.

Yanzu ga abin da ban taɓa zaton zan gaya wa yayana ba. Ni na ga tabon. Shekara talatin da tara ina ganinsa, ni nake gasa shi da ruwan zafi in ya motsa. Tsawonsa ya kai tafin hannuna, kuma ta gaba yake, Yaya, ba ta baya ba. Wanda ya juya ya gudu ba ya samun rauni a nan. Na tambayi Usuman ko za su karɓi shaidata, ya ce shaidar mata a kan mijinta ba ta da nauyi a wurinsu, kuma ban ga lokacin da abin ya faru ba. Da za su karɓa, wallahi da na tsaya gaban ko mutum nawa ne na faɗa, kunyar ta ƙare mini.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa a aikace, ko da yake na san nauyinsa. Ka je kotu a nan Kazaure ka yi takardar rantsuwa cewa kai ne akawun da ya cika littafin, ka ga wandon, ka ga inda jinin yake, ka san raunin igwa ne, kuma surukuta ce ta sa aka rubuta mota. Ka sa lambarka ta soja da ta Malam, na rubuta maka tasa a bayan wannan takarda tare da lambar wayar Usuman. Jabiru ya kai wa Usuman Kaduna da kansa, kada a ba direba saƙo. Usuman ya ce in takardar ta shiga, ko lambar girmamawar ba ta fito nan da nan ba za su ba da shaidar cewa an gyara, kuma na tabbata ita kaɗai ta isa ta ɗora Malam a jirgi.

Na san abin da nake nema ka ajiye. Kai ne ake kira raba gardama a unguwa saboda an san ba ka taɓa karkata alƙalami ba, yanzu ƙanwarka ta ce ka je ka faɗa da bakinka cewa ka taɓa yi. Mai yiwuwa wasu su yi magana. Amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma shekarunmu sun kai inda ba mutane ne abin tsoro ba. Ka rufa masa asiri sau ɗaya yana saurayi, ya gode, ni ma na gode. Rufin nan ne yanzu yake neman kashe shi. Don Allah, don darajar iyayenmu, ka buɗe. Ba na barci, Yaya. Kullum da safe sai na taɓa ƙafar in ji ko zafin ya haura, kuma yana haurawa.

Ka gaishe mini da Yaya Zubaidatu da kyau, turaren da ke cikin ƙullin nata ne, dabinon kuma na gida duka. Ka gaida Jabiru da mai jego, da Kawu Hamad in yana gane mutane, da Madina da yaranta. Mastura da Othman suna gaida kawunsu da ba su taɓa gani ba. Malam bai san da wannan takarda ba, amma na san da ya sani, duk fushinsa sai ya ce in gaishe ka, don haka yana gaishe ka.

Sai tsohuwarmu Inna A'i. Ka durƙusa ka gaishe mini da ita, ka riƙe hannunta ka ce Tani ce. Duk wanda ya zo daga gida sai ya ce mini tana tambaya yaushe zan dawo, ni kuma shekara talatin da ɗaya ina aika mata da cewa baɗi in Allah ya so. Bana ba ni da bakin faɗin haka. In ta tambaya, kai za ka ba ta amsa.

Wassalam. Ni ce ƙanwarka mai jiran abin da za ka yi,
Tani.