Allunan Biri Mai Tabarau

Laraba, 17 ga Janairu
Allon zamiyar ƙanƙarata na ƙafar hagu ya karye a kan kututturen da dusar ƙanƙara ta rufe a bayan gonar Tokuji. Na sha gaya masa ya tone kututturen nan. Tun ba a haifi uban jikata Chinatsu ba nake hawa allunan nan. Na dawo gida da ƙafa, guntu a kowane hannu.

Juma'a, 19 ga Janairu
Tokuji ya zo, wai jaje. Ya zura ƙafafu a ƙarƙashin teburin ɗumi, ya cinye min ganyen tsami, sannan ya fito da abin da ya kawo shi.

"Gensaku, giyar Uwar Dutse fa, ran sha biyu ga watan gobe. Bana a bar wa surukina ya kai."

Surukin da ya zo daga birni shekaranjiya! Tun da ubana ya rasu ni nake kai giyar shinkafar nan ɗakin bauta na kan dutse. In ka zuba, ba a juya wa Uwar Dutse baya, da baya da baya ake saukowa har a wuce dogayen itatuwa biyun nan. Allo kuwa in ya yi baya wutsiyarsa cakewa take yi, dole a cire a kutsa da ƙafa. Bara na nutse har ƙugu aka jawo ni da igiya. Sau ɗaya tak! Har yau labarin Tokuji yake bayarwa a gidan wankan gari.

Don ya gama sakandare aka ba shi shugabancin ƙauye, shi ke nan ya zama mai gwiwoyina.

Lahadi, 21 ga Janairu
Chinatsu ta ja ni shagon Shinpei mai sayar da allunan zamiya. Jikar tawa ba ta da sana'a sai tsalle da wulwulawa a iska a filin zamiya, wai kuma biyanta ake yi.

Babu allo na mutunci ko ɗaya. Duk faɗi kamar katakon yankan kifi, kai a ɗage, wutsiya ma a ɗage. Na ce ina gaban, ina bayan?

"Kaka, inda ka fuskanta nan ne gaba."

Shinpei ya ce, "Gensaku-san, irin naka yanzu sai a bangon gidan abinci, don ado." Na san uban yaron nan da majina a hanci.

Na tokare su da ƙasa ɗaya bayan ɗaya ina lanƙwasawa. Wasu kamar ƙarfe, wasu kamar taliyar da ta daɗe a miya. Ya ce in ɗauki kala uku in gwada. Na ɗauka don kawai in nuna musu.

Talata, 23 ga Janairu
Baƙaƙen, masu siririn ciki. A hanyar da mota ta daddale suna tafiya, da na shiga cikin itatuwa suka nutse da ni. Ga su baƙaƙe, na so su yi.

Alhamis, 25 ga Janairu
Masu faɗin kamar ƙyauren ƙofa. A sabuwar dusa suna iyo, a inda ya daskare kuwa sun kusa cire min gwiwa.

Asabar, 27 ga Janairu
Saura na ukun, waɗanda na rantse ba zan taka ba. Ruwan hoda ne, da hoton biri sanye da baƙin tabarau yana gwalo. Mutum mai furfura!

Na fita tun kujerun igiya masu kai mutane saman dutse ba su cika ba, don kada a gan ni. Na bi daskararre, suka kama. Na shiga dusa mai zurfi, suka ɗago kai. Da gangan na bi ta kan dutsen da ke bakin rafi, na ji ƙuuu. Na cire na duba, ɗan karce ne kawai, ƙarfen gefen ko gezau. Abin haushi. Ba sa tafiya miƙe irin ta dattawa, kowane ɗan tudu sai sun nemi yin tsalle, kamar ɗan kwikwiyo.

Matar mai sayar da tofu, wato awara, ta gan ni. Gari ya ji ke nan.

Lahadi, 28 ga Janairu
"Ina birinka?" in ji Tokuji a gidan wanka. Na ce yana gidanka, ya auri 'yarka.

Alhamis, 1 ga Fabrairu
Na zo tsayawa allunan suka juye da ni, sai ga ni ina gangarawa da baya ina kallon dutse. Ban faɗi ba, wutsiyar ba ta cake ba. Chinatsu ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

Da muna cin abinci na ce, a ce wani mutum, ba ni ba, yana so ya yi baya da gangan.

"Wannan mutumin shekarunsa nawa?"

Na ce ci abincinki.

Lahadi, 4 ga Fabrairu
Tana koya min a bayan rumbu inda ba kowa. Lanƙwasa gwiwa, buɗe wutsiyoyi, leƙa ta kan kafaɗa. Na ce leƙe bai taso ba, wanda ya leƙa ya kau da fuska daga Uwar Dutse.

"To sai ka rungumi itace da ƙeya."

Na rungumi rumbun dai. Ƙuguna.

Ta ce tunda mata a wajen itatuwan nan biyu suke tsayawa, ita za ta tsaya can ta zama idona. Muryarta dama ta kai.

Laraba, 7 ga Fabrairu
Tokuji wai ba haka kakanni suka yi ba. Na ce kakanni baya suka hana juyawa, ko ka ji sun yi maganar ƙafa? Ya yi ta shafa haɓa. Ƙarshe ya ce surukin zai biyo ni da igiya, in na faɗi tulun giyar ya koma hannunsa har abada. Na ce ya zo da ita, ya samu abin shanya wando.

Na gaya wa Shinpei na riƙe na birin. Wai ko a fente shi baƙi? Na ce fenti zai ƙara nauyi.

Litinin, 12 ga Fabrairu
Sabuwar dusa har gwiwa. Na share bakin ɗakin, na zuba giya, na tafa, na sunkuya. 

Na saki jiki. Ɗakin ya fara ƙanƙancewa a gabana. Daga bayana ina jin Chinatsu: "Dama, Kaka! Dama na ce! Damarka, ba tawa ba!" Wani tudu ya ɗaga ni, na ji ƙafafuna babu ƙasa, na ce shi ke nan, sai allunan suka dire da kansu. Reshe ya tsinke min hula. Itace ya wuce ta hagu, itace ya wuce ta dama, sai na ji Chinatsu ta cafke rigata.

Idona bai bar ɗakin ba ko ƙiftawa.

Surukin ya sauko da baya a ƙafa, ya nutse har ƙirji. Da igiyar tasa muka jawo shi. Ba zan ba da labarin a gidan wanka ba, sai in an tambaye ni.

Tokuji ya karɓi tulun ya leƙa, ya mayar min. "Ka ajiye a wajenka, gidana babu wuri."

Talata, 13 ga Fabrairu
Na goga wa birin kakin zuma. Don katakon ne, ba don shi ba.

Da zan je sayen tofu na wuce ƙofar Tokuji da baya, yana sharar ƙanƙara. Allunan ne suka juye. Da zan dawo ma sun sake.

Chinatsu ta ce akwai wani ɗan tudu a filinsu, na yara ne, bai kai gwiwa ba. Na ce ba ni da lokacin shirme. Gobe dai hanyata ta wajen ce.