Harsashin Igwar Abba

Nassarawa GRA, Kano
14 ga Mayu, 2012

Zuwa ga Yaya Ƙasimu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Nabiha da yara, kuma karatu yana tafiya daidai a can Malesiya. Allah Ya ƙara lafiya, Ya dawo mana da ku cikin nasara. Mu nan duk ƙalau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har ta koma Islamiyya.

Yaya, gara ka ji wannan labari daga bakina kafin 'yan uwa su ƙara masa gishiri. Tun da Abba ya yi ritaya ya tsiri tara kayan yaƙin da. Duk Asabar sai ya ɗauki mota ya nufi Bebeji ko wani ƙauye, ya dawo da kan mashi ko tsohon linzami. Abin da ya fi ƙauna shi ne dunƙulallun ƙarafa goma sha biyu da ya ce harsasan igwar Turawa ne. Ya kwashe tangaran ɗin Umma daga kabad ɗin falo ya jera su, kullum yana goge su da man zaitun.

To, ka san halin da Kano ke ciki tun Janairu. A haka Abba ya tsaya ƙofar masallaci bayan La'asar, yana shelanta wa abokansa cewa harsasan da ke falonsa sun isa su rusa ganuwa. Washegari da hantsi sai ga jami'an tsaro mota uku, an toshe layinmu, an fito da mu waje, Umma da ludayi a hannu. Na tsorata ƙwarai, don na ga za a tafi da shi. Shi kuwa har da saka babbar riga, yana roƙonsu su ɗauki kayan a hankali, wai tarihi ne.

Babbansu ya daɗe yana jujjuya ƙarafan, sannan ya ce cikin ladabi Alhaji ba shi da laifi. Bakwai duwatsun sikelin gyaɗa ne, huɗu daga injin niƙa suka fito, babban kuma ƙwallon da 'yan sakandare ke jifa ne ranar wasanni. Wallahi ban taɓa ganin wanda aka wanke ya yi baƙin ciki haka ba. Abba ya dage sai an sake dubawa.

Suna shirin tafiya ɗayansu ya shiga kicin neman ruwa, sai ya fito da gudu. Ashe wani dogon ƙarfe mai tsatsa da Abba ya raina ya jefar bayan gida, Mairo mai girki ta ɗauka tana tokare ƙofa da shi, wani lokaci har ta fasa kwakwa a kai. Shi ne harsashin igwa na gaske, kuma da sauran ransa, bai fashe ba. Mairo ta zauna daɓas a ƙasa tana salati, ta ce wata takwas tana dukansa.

Jami'an sun kai harsashin daji suka tayar da shi, suka bar Abba ya kalla daga nesa. Ya dawo yana murmushi, ya ce ƙasa sai da ta girgiza. Umma ta ce ita ma, kuma daga ranar ko cokali mai tsatsa ba ya shigo mata gida.

Roƙona, idan ka kira shi, ka tambaye shi yadda ƙarar ta kasance. Kada ka ambaci sauran goma sha biyun. Ya ce shi dama tun farko yana shakkarsu.

Ka gaida Anti Nabiha da Auwalu da Halima. Umma da Bappa Zubairu suna gaishe ku. Mairo ma ta ce a gaishe ka, ka kuma taya ta godiya ga Allah.

Ƙanwarka,
Raliya